Ciwon "Sai An Jima": Ɗalibi, Jan Ƙafa da Bidiyon Wayar Hannu

Gabatarwa

Kusan kowane malamin sakandare ya san irin wannan ɗalibi. An ba shi aikin gida ranar Litinin, aka ce ya kawo ranar Juma'a. Ya fahimci aikin, yana da littafi, kuma ya yi niyyar yi. Da daddare ya buɗe littafin, sai ya ce bari ya duba wayarsa na minti biyar tukuna. Bai ankara ba sai ga ƙarfe goma sha ɗaya, barci ya rufe masa ido. Talata da Laraba ma haka suka wuce. Ranar Juma'a da sassafe sai a gan shi a bayan aji yana kwafar aikin abokinsa cikin gaggawa. Abin da ya fi muni shi ne, yadda ya yi da aikin gida haka zai yi da shirin jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, watau jarrabawar da za ta iya yanke masa makomar shekaru masu yawa.

A wannan darasi za mu duba abin da masana ilmin halayyar ɗan Adam suka gano game da wannan ɗabi'a ta jan ƙafa. Za mu kuma ga dalilin da ya sa ta ƙara ƙarfi tun da intanet ta koma daga rubutu zuwa bidiyo, sa'an nan mu kawo hanyoyin da ɗalibai da malamai za su bi domin rage ta.

Mene ne Jan Ƙafa?

Ba kowane jinkiri ba ne jan ƙafa. Ɗalibin da ya ɗage karatu domin ya kai mahaifiyarsa asibiti ya yi abin da ya dace. Jan ƙafa shi ne mutum ya jinkirta aikin da ya yi niyyar yi, da son ransa, alhali kuwa ya san jinkirin zai cuce shi. Saboda haka ya bambanta da lalaci. Malalaci bai damu da aikin ba sam, shi kuwa mai jan ƙafa aikin yana ransa, yana ci masa tuwo a ƙwarya, har ma ba ya jin daɗin wasan da ya gudu zuwa gare shi yadda ya kamata.

Ɗabi'ar ta yaɗu ƙwarai. A shekarar 2007 wani masani mai suna Piers Steel na Jami'ar Calgary a ƙasar Kanada ya tattara sakamakon ɗaruruwan bincike a kan wannan batu. A cikin rahotonsa ya kawo ƙiyasin cewa tsakanin kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa a wani lokaci. Kafin nan, a 1997, Dianne Tice da Roy Baumeister sun bi diddigin wasu ɗaliban jami'a a Amurka tsawon zangon karatu guda. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da ƙoshin lafiya. Da ƙarshen zango ya zo sai reshe ya juye da mujiya: su ne suka fi damuwa, suka fi rashin lafiya, kuma makinsu ya fi na sauran ƙasa. Wannan bincike ya raunana maganar nan da wasu ɗalibai kan yi cewa sun fi ƙoƙari idan lokaci ya ƙure.

To me ya sa mutum mai hankali zai yi abin da ya san zai cuce shi? Fuschia Sirois da Timothy Pychyl sun ba da amsa a 2013. A ganinsu jan ƙafa wata hanya ce ta gudun ɓacin rai. Idan ɗalibi ya tuna da lissafin da ya gagare shi, yakan ji wani nauyi a zuciya: tsoron faɗuwa, ko gundura, ko kunyar cewa bai gane ba. Da ya ture littafin gefe sai nauyin ya sauka nan take. Wannan sauƙi na ɗan lokaci shi ne ladan da ƙwaƙwalwa ke samu, kuma duk abin da ya kawo sauƙi cikin hanzari ƙwaƙwalwa takan so ta maimaita shi. Shi ya sa ciwon yake ƙaruwa yau da gobe.

Lissafin Nesa da Kusa

Akwai wani dalili na biyu wanda za a iya nunawa da lissafi. Tun a 1975 George Ainslie ya bayyana cewa mutane da dabbobi suna rage wa lada daraja gwargwadon nisansa. Ladan da ke hannu yakan yi girma a ido, wanda ke nesa kuwa ya ƙanƙance, kamar yadda ɗan yatsa da aka kawo kusa da ido kan rufe dutsen Dala gaba ɗaya.

Bari mu gwada da lambobin misali, waɗanda muka zaɓa domin sauƙin fahimta kawai. A ce ƙarfin da abu ke jan mutum da shi daidai yake da darajarsa a raba da adadin kwanakin jira haɗe da ɗaya. A ce cin jarrabawa yana da daraja 100, kallon bidiyo kuma yana da daraja 5 kacal. Bidiyo ba ya buƙatar jira, saboda haka ƙarfinsa 5 a raba da 1, watau 5, a kowace rana. Idan saura kwana 60 a yi jarrabawa, ƙarfinta 100 a raba da 61, wanda bai kai 2 ba. Bidiyo ya yi nasara. Idan saura kwana 19, ƙarfinta 100 a raba da 20, watau 5, sun yi kunnen doki. Idan saura kwana ɗaya, ƙarfinta 100 a raba da 2, watau 50. A wannan daren ne ɗalibi kan kwana yana karatu, yana shan shayi, yana cizon yatsa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Matashi ya fi babba faɗawa cikin wannan tarko. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke kula da tsara gaba da danne son rai, ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Sassan da ke ɗokin lada kuwa sun riga sun farka tun farkon balaga. Ɗan sakandare kamar doki ne mai ƙarfi wanda linzaminsa bai gama ɗaurewa ba.

Daga Rubutu zuwa Bidiyo

Jan ƙafa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Ɗaliban da suka gabata sun guji karatu ta hanyar hira, ko ƙwallo, ko littattafan labari. Abin da ya canza shi ne irin mafakar da ake gudu zuwa gare ta.

A shekarun 1990 intanet kusan duk rubutu ce, domin layin tarho da ake bi ba ya wuce gudun kilobit 56 a daƙiƙa guda. Da irin wannan gudu, sauko da ɗan bidiyo mai nauyin megabait 10 zai ci kusan minti 24. Mai son faɗin ra'ayinsa ga duniya sai ya rubuta, mai son ji kuma sai ya karanta. A watan Afrilu na 2005 aka ɗora bidiyo na farko a YouTube, ɗan gajere ne da bai kai rabin minti ba, wanda ke nuna ɗaya daga cikin masu kafa dandalin a gidan namun daji. A 2006 kamfanin Google ya sayi YouTube a kan dala biliyan 1.65. Zuwa 2019 ana ɗora masa bidiyo na fiye da awa 500 a kowane minti guda.

Daga nan sai zamanin gajeren bidiyo ya shigo. Kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya fito da Douyin a 2016, ya biyo da TikTok ga sauran ƙasashen duniya a 2017. A 2020 Instagram ya kawo Reels, YouTube kuma ya kawo Shorts. A watan Satumba na 2021 TikTok ya sanar cewa masu amfani da shi a wata sun kai biliyan ɗaya. Mutane da yawa da a da suke rubuta ra'ayoyinsu sun ajiye alƙalami sun koma magana a gaban kyamara. A Nijeriya, inda wayar salula ta fara yaɗuwa a 2001, yau yaron da ke aji uku na sakandare yana iya riƙe dukan wannan kasuwa a aljihunsa.

Wannan sauyi yana da amfani babba, kuma ya kamata a faɗe shi. Wanda bai iya karatun boko ba yana iya ji yana iya gani. Ɗalibin makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje yana iya kallon yadda ruwan asid ke canza launi a gwajin kemistiri, ko yadda jini ke zagayawa a zuciya. Dandalin Khan Academy ma ya faro ne daga ƴan darussan lissafi da Salman Khan ya fara ɗorawa a YouTube a 2006 domin ƴan'uwansa. Sai dai ƙofar da ilmi ke shigowa ta cikinta, ta nan ne ɓarawon lokaci ke shigowa.

Me Ya Sa Yake da Wuyar Ajiyewa?

Abubuwa huɗu ne suka haɗu.

Na farko, kallo ba ya buƙatar wahala. Mai karatu dole ya haɗa baƙaƙe su zama kalmomi, ya riƙe farkon jimla har ya kai ƙarshenta, kuma idan ya gaji yakan tsaya da kansa. Mai kallo kuwa ko ya gaji bidiyon yana ci gaba da tafiya.

Na biyu, babu inda aka ce a tsaya. Littafi yana da ƙarshen babi, jarida tana da shafin ƙarshe, shirin talabijin yana da lokacin tashi. A 2006 wani mai tsara manhaja, Aza Raskin, ya ƙirƙiro dabarar da ta sa shafi ba ya ƙarewa, ana jan yatsa sabon abu yana fitowa. Daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa a kan yadda aka yi amfani da dabarar. Idan babu wurin tsayawa, babu lokacin da ƙwaƙwalwa za ta tambayi kanta ko ya isa haka.

Na uku, ladan ba shi da tabbas. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya yi gwaji da tattabaru. Ya sa su a akwati inda suke samun hatsi idan sun caki wani maɓalli. Ya lura cewa idan hatsin yana fitowa ba bisa wani adadi sananne ba, wani lokaci bayan caka uku, wani lokaci bayan talatin, tsuntsun yakan dage da caka babu gajiya, kuma yakan daɗe yana yi ko bayan an daina ba shi hatsin. A shekarun 1990 Wolfram Schultz ya auna ƙwaƙwalwar birai, ya gano cewa ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato ba tsammani. Haka gajeren bidiyo yake. Wannan bai burge ba, na gaba ma haka, na uku kuwa ya ba da dariya. Mai kallo bai san wanda zai faɗa a kai ba, saboda haka yatsa ba ya tsayawa.

Na huɗu, manhajar tana karantar mai kallo. Tana ƙirga daƙiƙoƙin da ya yi a kan kowane bidiyo, da wanda ya maimaita, da wanda ya tsallake, sa'an nan ta kawo masa irin abin da ya riƙe shi. Kamfanonin suna samun kuɗi ne daga tallace-tallace, kuma gwargwadon daɗewar mai kallo gwargwadon ribarsu. Ɗalibin da ya kasa ajiye waya yana kokawa ne da injin da ƙwararru suka ƙera domin kada a ajiye shi.

Mu yi ɗan lissafi. Wanda ke kallon awa biyu a rana, a zangon karatu na mako 13 ya kashe awa 182. Idan darasin aji minti 40 ne, wannan daidai yake da darasi 273. Idan kuma kallon na dare ne, akwai asara ta biyu. Likitoci sun ba da shawarar matashi ya yi barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana.

Kallo Daban, Iyawa Daban

Akwai wani nau'in jan ƙafa da ya fi ɓoyuwa, domin yana sanye da rigar karatu. Ɗalibi yakan kalli bidiyon darasi biyar a jere a kan lissafi, ya tashi yana jin ya yi aiki, alhali bai warware ko tambaya ɗaya da hannunsa ba.

A 2018 Michael Kardas da Ed O'Brien na Jami'ar Chicago sun nuna wa mutane bidiyon wani gwani yana jifan ƙaramar kibiya zuwa allon saiti. Wasu sun kalla sau ɗaya, wasu sau 20. Waɗanda suka kalla sau 20 sun fi amincewa da cewa za su ci maki mai yawa, amma da aka ba su kibiyar ba su fi sauran ba. A binciken digirinsa na uku da ya kammala a 2008 a Jami'ar Sydney ta Ostareliya, Derek Muller ya sami irin wannan sakamako a darasin fiziks. Ɗaliban da suka kalli bayani mai tsabta a kan dokokin Newton sun ce sun fahimta sarai, amma makinsu bai tashi sosai ba. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ya fara da kuskuren da mutane kan yi, sa'an nan ya gyara shi, sun ce ya rikita su, amma su ne suka fi ƙaruwa.

Abin da ke dasa ilmi shi ne ƙoƙarin tunowa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita karantawa a zama huɗu, ɗaya rukunin ya karanta a zama guda, sa'an nan aka sa shi ya rubuta abin da ya tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu suka tuna kashi 61. Almajirin da ke wanke allonsa sai bayan ya biya wa malam karatu da ka ya daɗe da sanin wannan sirri.

Hanyoyin Magani ga Ɗalibi

Tun da mun ga cewa tushen ciwon shi ne nauyin farawa da kuma kusancin mafaka, maganin shi ne a sauƙaƙa farawa, a nesanta mafakar.

1. A ƙayyade lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya nemi wasu ɗalibai a Jamus su rubuta rahoto a kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, su aiko cikin kwana biyu. Daga cikin waɗanda suka riga suka faɗi lokaci da wurin da za su rubuta, kusan uku cikin huɗu sun aiko. Daga cikin sauran kuwa kimanin ɗaya cikin uku ne kawai. Maimakon ka ce "zan yi karatu yau", ka ce "bayan sallar Isha'i zan zauna a kan tabarmar zaure in warware tambaya biyar daga babi na huɗu".

2. A yanka aikin ƙanana. "Karanta kemistiri" dutse ne da ba a san ta inda za a ɗauke shi ba. "Rubuta alamomin sinadarai 20 na farko" aiki ne na minti goma. Sau da yawa nauyin da ake ji kafin a fara yakan ragu da zarar an fara.

3. A yi aiki da agogo. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya tsara wa kansa karatun minti 25 da hutun minti 5. Kowa na iya gwadawa. Sai dai hutun ya zama na miƙe ƙafa ko shan ruwa, domin minti biyar na waya ba ya tsayawa a biyar.

4. A raba ɗaki da waya. A ba wa mahaifiya ko yaya ajiya har a gama. Idan ana buƙatar bidiyon darasi, a zaɓe shi tun kafin a zauna, a sauko da shi, a kashe data.

5. A kalla da biro a hannu. A tsayar da bidiyon kafin malamin ya ba da amsa, a gwada warwarewa. Bayan an gama a kife wayar, a rubuta abin da aka tuna, sa'an nan a duba inda aka yi kuskure.

6. Kada a tsaya zargin kai. A 2010 Michael Wohl da abokan aikinsa na Jami'ar Carleton sun gano cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawa ta farko sun rage shi kafin ta biyu. Kunya da ƙuncin rai su ne ainihin abin da ake gudu, saboda haka ƙara su ba ya magani.

Shawara ga Malamai

Malamin da ya ba da babban aiki ya ce a kawo bayan wata guda ya bar ɗalibi da lissafin nesa da kusa, kuma mun ga wanda ke cin nasara a wannan lissafi. Gara a raba aikin kashi-kashi, kowane mako a karɓi wani yanki. Ɗan gwaji na minti biyar a farkon darasi yana kusantar da lada, yana kuma tilasta tunowa. Idan an tura ɗalibai kallon bidiyo, a haɗa su da tambayoyi biyu ko uku da za su amsa a rubuce, kuma bidiyon ya zama gajere. Wani bincike da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 a kan miliyoyin zaman kallon darussa ya nuna cewa hankalin ɗalibai yakan fara janyewa bayan kimanin minti shida. Daga ƙarshe, kafin a kira yaro malalaci, yana da kyau a tambaye shi inda aikin ya tsaya masa. Sau da yawa za a tarar akwai wani mataki da bai gane ba, yana kuma jin kunyar tambaya.

Kammalawa

Mun ga cewa jan ƙafa gudu ne daga nauyin aiki zuwa ga lada mafi kusa, kuma gajeren bidiyo ya zama mafaka mai arha, marar iyaka, wadda ke cikin aljihu. Mun ga kuma cewa kallon darasi yana iya sa ɗalibi ya ji ya iya alhali bai iya ba. Ɗalibin da ya san waɗannan abubuwa ba zai dogara da ƙarfin zuciyarsa kaɗai ba. Zai tsara lokacinsa da wurin zamansa tun da rana, kafin dare ya yi gajiya ta kama shi.

Tambayoyi da Aikin Yi

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin jinkiri na dalili, da lalaci, da jan ƙafa.
2. Yi amfani da lissafin da aka bayar ka nemo ƙarfin jarrabawa idan saura kwana 9. Idan darajar bidiyo ta koma 10, saura kwana nawa za su yi kunnen doki?
3. Kawo dalilai huɗu da suka sa gajeren bidiyo yake da wuyar ajiyewa, ka danganta ɗaya daga cikinsu da gwajin Skinner.
4. Aikin mako guda: kowace safiya ka rubuta ƙiyasin mintocin da za ka yi a kan waya. Da daddare ka duba ainihin adadin a sashen da wayar ke nuna lokacin amfani, ka rubuta shi kusa da ƙiyasin. A ƙarshen mako ka zana jadawali, ka kawo aji domin a kwatanta.